Hannu na Goma Sha Ɗaya

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da misalin ƙarfe goma na safe, ina zaune a ƙofar gida ina fama da wani tsohon rediyo da ya ƙi kama tasha, autarka ta kira ni a waya. Ba ta ja zance ba. Ta ce, "Baba, abokinka ya cika." Na ce mata to, na ajiye wayar a kan benci, na ci gaba da murɗa rediyon kamar ban ji ba, sai da mai ɗakina ta fito ta tarar hawaye ya jiƙa mini gaban riga. Wanda Ya ba mu aronka shekara saba'in da uku Ya karɓi abinSa, kuma mu da muka rage can muka nufa. An yi maka sutura a ranar, bayan azahar.

Mai Zane, shekara talatin da ɗaya muka yi ni da kai a ɗaki guda a madaba'ar gwamnati, inda ake buga fasfo da takardun shaida. Kai kake zana hotunan nan da ke kwance a ƙarƙashin rubutun kowane shafi, ni kuma in ɗauki zanenka in mayar da shi kan farantin ƙarfe da inji zai buga. Teburinka yana jikin taga domin kana son hasken safe, nawa yana kusa da ƙofa domin ni ne mai yawan fita. Ka fi ni haƙuri nesa ba kusa ba, ni kuma na fi ka baki, shi ya sa ka raɗa mini Gardama, sunan da ya bi ni har gida, har surukaina suke kirana da shi idan sun ɗauka ba na ji.

Zan faɗi alherinka, kuma yana da yawa. Amma ba shi kaɗai ya sa na ɗauki biro ba. Shekara goma sha huɗu ke nan duk wanda ya san sunanka a ƙasar nan ya san shi ne a matsayin na mutumin da ya ci amanar aikinsa saboda siyasa. Har babban ɗanka ya yarda da haka, ya kuma rayu da shi. Ni na san ƙarya ce, na yi shiru tare da kai. Yau nake so in wanke sunanka, tun ina da sauran numfashi.

Duk unguwarku an san cewa wanda zai cike fom, na fasfo ne, na makaranta ko na asibiti, gidanka zai nufa ranar da ba aiki. Kana da ɗan tebur a baranda da biro biyu, baƙi da shuɗi, mutane su jeru a benci suna jiran layi ya zo kansu. Ban taɓa ganin ka nuna wa tsoho cewa bai iya rubutu ba. Sai dai ka ce, "Idonka ne ya gaji, kawo in rubuta, kai ka faɗa mini." Na taɓa tarar da kai da wata dattijuwa da za ta bi ɗanta wata ƙasa neman magani, ga shi ba ta san shekarar haihuwarta ba. Kuka yi ta lissafi tun daga shekarar da aka yi babbar ambaliya, da shekarar da aka kawo lantarki garinsu, har kuka tsayar da magana. Ta tashi tana dariya, wai sai yau ta gane ashe ta girmi marigayi mijinta, shi kuwa shekara arba'in yana ce mata yarinya.

Lokacin da mai ɗakina ta yi wata biyu a asibiti, kai ka riƙa ɗaukar rabin aikina ba tare da shugaban sashe ya sani ba, alhali aikin faranti ba naka ba ne. Ruwan da muke cin ƙarfe da shi ya ƙona maka yatsu, ka ɗaure su da tsumma ka ce wai ƙofa ce ta matse ka. Sai bayan shekara na ji gaskiyar a bakin mai shara. Da na tare ka da maganar, cewa ka yi in daina ɓata maka lokaci, haske yana wucewa.

Kana da wata ɗabi'a da muka sha yi maka dariya a kanta. Kowace takarda aka miƙa maka, ko da katin gayyata ne, sai ka ɗaga ta sama ka dube ta a hasken rana kafin ka karanta abin da ke ciki. Mai ɗakinka ta ce haka ka yi wa takardar sallamar da likita ya ba ka a watan jiya, har likitan ya tambaya ko akwai matsala. Ka ce masa babu, takardar ce dai ba ta da kauri.

Sau ɗaya tak ka taɓa fita ƙasar waje, kwas na wata uku da aka tura ka kana matashi. A filin jirgin da kuka sauka aka ware ka gefe, kai da mutum tara 'yan ƙasarmu, domin a lokacin fasfonmu ya yi ƙaurin suna, 'yan jabu suna buga shi a lunguna yadda suka ga dama. Awa bakwai kuna tsaye a wani ɗaki marar taga, ana ɗaukar fasfonku ɗaya bayan ɗaya ana shiga da shi ciki. A cikinku akwai wata mata mai goyo, yaron yana kuka, ba wanda ya ce mata zauna. Da ka dawo, abin da ka koyo a kwas ɗin a aikinka muka gani, ba ka cika zancensa ba. Zancen matar nan kuwa ka yi mini shi ya fi a ƙirga.

Yanzu sai in yi wa mai karatu bayanin wani abu na sana'armu, tunda an daina yinsa, na'ura ta karɓi aikin. Akwai abin da muke kira tarko. Kuskure ne ƙarami ƙwarai da ake yi da gangan a cikin zane: taga ɗaya da ta ɓace a jikin dogon bene, ko reshen bishiya da bai haɗu da gindinsa ba. Ɗan jabu idan ya zauna kwaikwayo, hannunsa da kansa zai gyara wurin, domin mutum abin da ya saba gani yake zanawa. Da ya gyara, ya kama kansa. Mutum uku kaɗai a madaba'a ke sanin inda tarkunan suke, mai zane, mai faranti, da shugaban sashen tsaro, wanda zai rubuta su ya rufe a ambulan ya kai wa masu binciken takardun jabu. Dukanmu mun yi rantsuwa cewa ba za mu furta ba, ko da cewa akwai su, sai fasfo na ƙarshe a wannan bugun ya cika wa'adinsa.

Da sabuwar gwamnati ta hau, ta ce a sake fasfo, tsohon yana ɗauke da ƙamshin waɗanda suka sauka. Aka kafa kwamiti na 'yan majalisa da malaman tarihi da manyan ma'aikata, suka kwashe wata takwas suna musu a kan shafi talatin da biyu. Kowane yanki yana son a sa dutsensa ko koginsa, wanda ba shi da ko ɗaya ya ce a sa gadarsa. An yi faɗa a kan launin bango. Tsuntsun da ke tambarin ƙasa ma sai da aka yi mako uku ana jayayya a kan ko dama zai kalla ko hagu, ka zana shi sau biyar, har ka ce mini tsuntsun nan wuyansa ya kusa karyewa. Mu dai namu a aiko da takarda mu aikata. Ba mu da rediyo a ɗakin aiki, jarida kuwa sai idan an naɗo mana wani abu a ciki.

Rigimar da ta fi kowace zafi ita ce ta shafin tsakiya. Akwai wani tsohon hoto da kowa ya sani tun yana firamare, na ranar da aka fara ɗaga tutar ƙasa: mutum shida suna jan igiya. Na shidan, wanda ake kira Dogo, daga baya ya ɓata da shugaban farko, ya kafa jam'iyyar adawa, ya mutu a kurkuku. Jam'iyya mai mulki tana ganin ita ce magajiyar shugaban farko, 'yan adawa kuma Dogo ne ubansu. Da fari kwamitin ya amince a sa hoton yadda yake. Ka zana mutum shida, hannaye goma sha biyu a kan igiya. Da muka zauna zaɓen wuraren tarko guda bakwai, ni na ce maka, "Sa ɗaya a igiyar nan, inda hannaye suka cunkushe, ba wanda zai ƙirga." Ka duba, ka ce na yi gaskiya, ka ƙara hannu na goma sha uku tsakanin mutum na huɗu da na biyar. Ina so a rubuta wannan da kyau: shawarata ce.

Saura mako biyu a fara bugu, takarda ta sauko daga ofishin minista cewa a cire Dogo. Abin bai yi maka daɗi ba. Ba don kana jam'iyyarsa ba, ni shaida ne ko katin jam'iyya ba ka taɓa riƙewa ba, sai don kana ganin hoton yana nan a gidan tarihi, kowa yana iya zuwa ya ƙirga. Ka rubuta ƙorafinka a shafi ɗaya, cikin ladabi, ka sa hannu ka aika sama. Aka ce an gani, a yi yadda aka ce. Ka zauna ka cire Dogo tsaf, da hularsa, da inuwar ƙafarsa, da hannayensa biyu, ka cike gurbin da sararin sama yadda ba wanda zai ce an taɓa wurin.

Zanen ya zo teburina. Na sa madubi na ƙirga hannaye, na samu goma sha ɗaya. Mutum biyar, hannu goma, da tarko ɗaya. Na ce daidai, na sa hannu. Kai ma haka ka ƙirga, shugaban sashen tsaro ma haka. Mu uku, manya da furfurarmu, ba wanda ya tsaya ya yi tunanin abin da mutumin waje zai gani idan ya tarar da hannu marar jiki a hoton da aka cire mutum daga cikinsa. Mun daɗe muna kallon layi da ɗigo har mun manta cewa sauran jama'a labari suke gani a hoto.

Shekara ɗaya da rabi fasfon yana hannun mutane lafiya ƙalau. A wannan ɗan lokacin an kama na jabu sun fi ɗari biyu, kuma ƙasashen da suke ware mutanenmu gefe suka fara barinsu su wuce. Sai wata safiya wata jarida ta fito da hoton hannun an faɗaɗa shi ya cike shafin farko, a ƙasa an rubuta cewa Dogo bai saki igiya ba. Kafin azahar ƙasa ta ɗauka. Masu mulki suka ce zagon ƙasa ne, an ci amanar gwamnati da kuɗinta. 'Yan adawa suka ce jarumi ya bayyana a madaba'a, suka buga hannun a jikin riguna da alluna. Har ƙofar gidanka suka zo da motoci suna kiran sunanka, suna so su ɗaga ka a kafaɗa. Ka leƙo ka ce musu su yi haƙuri, akwai marar lafiya a maƙwabta, ka rufe ƙofarka. Ɓangarori biyun duk ƙarya suke yi maka, kowa irin wadda ta yi masa daɗi.

Aka kira ka gaban kwamitin bincike. Da safen ranar, a ɗakin shan shayi na ma'aikata, na ce maka ni zan tashi in faɗi gaskiya, rantsuwa ko ba rantsuwa ba. Ka riƙe hannun rigata ka zaunar da ni. Ka ce, "Gardama, ɗaya suka gani, saura shida. In muka ce tarko ne, gobe duk ɗan jabu zai zauna da madubi ya bi littafin nan shafi-shafi. Bar su su ce siyasa ce. In sun ce siyasa ce, a nan za su tsaya, ba za su nemi sauran ba." Na ce to sunanka fa? Ka ce, "Sunana ba ya tsayuwa a layin filin jirgi."

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Da ka hana ni, na ji sanyi a raina. Ina da 'ya'ya huɗu a makaranta, kuma ina tsoro. Na yi ta yi maka faɗa a baki, amma ƙafata ta gode maka da ba ta miƙe ba. Shekara goma sha huɗu ina ɗauke da wannan kunyar.

A gaban kwamitin aka karanta ƙorafin nan naka na shafi ɗaya, aka ce ga hujja. Sau uku aka tambaye ka, sau uku kana ba da amsa guda: kai ka zana hannun, ba don Dogo ka zana shi ba, kuma ba za ka iya ƙara komai ba. Na samu labari daga baya cewa shugaban sashen tsaro ya je ya gaya wa minista gaskiya a keɓe, ministan ya ce ya fahimta, amma jama'a suna jiran a hukunta wani. Aka yi maka ritayar dole, aka karanta sunanka a labaran rana. Aka goge hannun daga faranti, kuma ni aka sa na goge shi. Sauran shidan suna nan, aka ci gaba da buga fasfon da su har shekara huɗu, suna ta kama ɓarayi ba wanda ya san don me.

Duk wannan ka ɗauke shi. Abin da ya karya ka shi ne babban ɗanka. A lokacin yana sakatare a ofishin wani ɗan majalisa na jam'iyya mai mulki, yaro mai ƙwazo, ana ganin zai yi nisa. Cikin mako guda aka karɓe makullin ofishinsa, abokansa suka daina ɗaukar wayarsa. Ina falonka ranar da ya zo. Ya durƙusa a gabanka, ya ce, "Baba, in ka yi, ka fito ka ba da haƙuri. In ba ka yi ba, ka faɗa musu dalili. Ko ni kaɗai ka faɗa mini." Ka ce, "Ba ni da abin faɗa, sai dai ka yi haƙuri." Ya miƙe, ya ce, "Shi ke nan, Baba. Ka zaɓi mataccen da ba ka taɓa gani ba a kan ɗanka." Ya sa takalminsa ya fita, ni kuma ina zaune da bakina a rufe.

Ya koma wani gari ya fara kasuwanci daga tushe, Allah kuma Ya buɗa masa. Bai yanke zumunci ba, ba zan yi masa ƙazafi ba. Yakan zo sau biyu a shekara, ya gaishe ka daga bakin ƙofa, ya wuce ɗakin mahaifiyarsa, can za a ji dariyarsa. Ya gina gida, ba ka taɓa ganin cikinsa ba. Idan jikokinka suka zo, kai kake fere musu fensir kana koya musu zana kyanwa, idonka yana kan ƙofa ko ubansu zai shigo.

Ka kama ɗan shago kusa da tashar mota kana rubuta allunan shaguna da lambobin gidaje. Mutumin da zanensa ya shiga ƙasashen duniya a aljihun miliyoyin mutane, ga shi yana zana kan ɗan rago a allon mai nama, kuma da irin kulawar da ya saba. Duk Asabar nakan zo in zauna a shagon in yi ta zagin gwamnati da 'yan adawa baki ɗaya, kai kana wanke burushi kana murmushi. Ban taɓa jin ka ambaci ministan nan da mugun baki ba. Da ya rasu ma, ni na kawo maka labarin da ɗan farin cikina, ka ce Allah Ya jiƙansa, ka ce in miƙo maka jan fenti.

Ƙarshen shekarar da ta wuce fasfo na ƙarshe a wancan bugun ya cika shekara goma. Na daɗe ina lissafin ranar. A makon farko na Janairu na zo shagon da sassafe, na ce maka an kwance mana baki, ka kira yaron nan yau ɗin nan. Ka ajiye burushi. Ka ce ka yi ta tunanin haka, ka ga bai kamata ba. Ka ce, "Yanzu yana jin haushina, kuma ya iya zama da haushin, ya saba. In na faɗa masa, kansa zai koma jin haushi, shekara goma sha huɗu zai ɗauka a ka lokaci guda. Ni na kusa tafiya, shi yana da sauran hanya. Bar shi, Gardama." Muka yi musu har rana ta take, ban ci nasara ba. Wata uku bayan nan ka tafi da maganarka a ciki.

Abokina, ban bar shi ba.

Kwana biyu na yi ina kallonsa a wurin zaman makoki, yana karɓar gaisuwa, yana yi wa kowa godiya, idonsa a bushe. Na ji wani baƙo yana ce masa marigayin mutumin kirki ne, in ban da abin nan da ya faru, na ga ya gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan ne na kasa haɗiyewa. A rana ta uku da hantsi na ce ya zo ina son ganinsa, muka shiga ɗakinka, na rufe ƙofa. Na zauna a bakin gadonka na faɗa masa duk abin da na rubuta a nan, ban rage komai ba, har da shawarata da tsorona.

Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ya ce, "Baba, tun Janairu yana da ikon faɗa mini?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "To me ya hana shi?" Na ce, "Don kada ka ji abin da kake ji yanzu."

Can ya ce, cikin wata murya da ban san shi da ita ba, "To hannun na wane ne, in ba na Dogo ba?"

Na ce masa tsohon hoton ya dusashe, ba a ganin yatsu, saboda haka duk hannayen da ke shafin nan na rayayyun mutane ne ka kalla ka zana. Akwai na mai gadi, akwai na direban darakta. Hannayen Dogo da aka goge ma nawa ne. Na goma sha ɗayan kuwa a gida ka zano shi, ka kawo mini da safe kana murmushi, ka ce tunda tarko ne gara ka ba shi hannun da ba za ka taɓa mantawa ba. Na tambaye shi ko ya tuna wata rana da ya zo hutun ƙarshen mako, ka ce ya riƙe maka igiyar shanya ya ja da ƙarfi, kada ya motsa.

Ya zaro wayarsa, ya nemo hoton jaridar nan, wanda ya ce shekara goma sha huɗu bai yarda ya kalle shi da kyau ba. Ya faɗaɗa shi da yatsu biyu. Ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan gwiwa kusa da wayar. Ƙaramin yatsansa a karkace yake tun ranar da ƙofar mota ta datse shi yana ɗan shekara shida, kuma haka yake a hoton. A nan ɗanka ya yi maka kukan da bai yi ba a maƙabarta, har mahaifiyarsa ta turo ƙofa ta shigo, ya kifa kansa a cinyarta yana kiran Baba. Ni na fita na ba su wuri.

Ban sani ba ko na kyauta. Kai ka ce zai ɗauki kaya mai nauyi, kuma na ga ya ɗauka a gabana. Amma jiya ya kira ni ya ce in rubuta wannan a buga, da izininsa da na mahaifiyarsa, kuma ya ce kada a cire maganar da ya faɗa maka a falo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, wadda ta zauna da kai shekarun nan ba ta san dalili ba, ba ta kuma taɓa tambaya ba, ta ce mini ta san mijinta, wannan ya ishe ta. Ina yi wa autarka ta'aziyya, wadda ta yi jinyarka har ƙarshe, da sauran 'ya'yanka da jikokinka, da ƙannenka, da mutanen unguwa da suka rasa mai cike musu fom, da tsofaffin ma'aikatan madaba'a 'yan kaɗan da suka rage. Kai kuma babban ɗansa, ɗana, ina roƙon Allah Ya sassauta maka. Mahaifinka bai tafi da fushinka ba, ni shaida ne, ko sau ɗaya bai ambace ka ba sai da addu'a.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ya riƙe amanar da aka ba shi har ta cinye masa suna da aiki da kusancin ɗansa, bai saki ba. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka haskaka shi, Ka sa ya tarar da abin da ya shuka ya fi yadda ya zata. Ka ba iyalinsa haƙurin rashinsa, Ka haɗa kansu a bayansa. Mu kuma idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Mai Zane, Allah Ya jiƙanka. Ka yafe mini abin da na faɗa bayan ka hana ni, ka kuma yafe mini wanda na kasa faɗa lokacin da kake da rai.